Ƙwarya Guda A Wurin Gayya: Me Take Yi Wa Ɗan Da Ke Ciki?

Bayan girbin dawa muka kewaya ƙungiyoyin manoma kamar yadda muka saba, muna magana a kan gyaran rumbu da tsare hatsi daga ƙwari. A wani ƙauye, muna shirin rufe taro ke nan, sai wata dattijuwa daga cikin zumuntar mata ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, ina da tambaya, amma ba ta rumbu ba ce." Muka ce, "Faɗi, Mama, muna ji."

Ta ce matar ɗanta tana da ciki wata 5. Ba mashayiya ba ce, ba wanda ya taɓa ganinta a buge. Amma in an je gayya a gonar maƙwabta aka sauke tulun burukutu, ita ma akan miƙa mata ƙwarya guda, ta sha ta koma bakin aiki. Da ta je awo, ungozoma ta ce ta bari sam. Mijinta kuwa ya ce zancen banza ne, kakanninmu sun sha, sun kuma haifi ƙatti. "To, Malam, ni ina tsakiya. Wa zan bi?"

Maza suka yi dariya, matan kuwa ba su yi ba. Muka ce, "Mama, tambayarki ta fi ƙarfin amsar tsaye. Za mu rubuta amsar a takardarmu domin sauran ƙungiyoyi su ma su ji." Ga shi yau mun cika alkawari.

Watakila wani zai ce, me ya haɗa 'yan ekklesiya da zancen burukutu, tun da yake ekklesiyoyi da yawa sun hana membobinsu sha? Mu gaya wa juna gaskiya. A Filato da kudancin Kaduna, da sassan Bauchi da Gombe da Adamawa, burukutu yana kasuwa, yana wurin gayya, yana wurin biki da makoki. Da dawarmu ake yinsa. Maƙwabtanmu da surukanmu da 'yan ƙodagon da muke ɗauka suna sha, har da waɗansu da ke zama kusa da mu a majami'a ran Lahadi. Ba zancen buguwa za mu yi ba, gama wannan kowa ya san illarsa. Zancen "ɗan kaɗan" za mu yi, wanda mutanen kirki da yawa suke gani ba kome ba ne.

Yadda giya take isa wurin ɗan tayi

A cikin kowace irin giya, ko burukutu ce, ko pito, ko bammi, ko ta kwalba, ko ogogoro, akwai abu guda da ke sa maye. A nan za mu kira shi barasa. Ƙarfinsa ne kawai ya bambanta. A burukutu yakan kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100, a giyar kwalba kimanin kashi 5, a ogogoro da goskolo kuwa ya ninka haka sau da yawa.

Sa'ad da mace ta sha, barasar takan shiga jininta. Ɗan da ke cikinta kuwa ba shi da wata hanyar ci sai ta mabiyiya da igiyar cibiya. Mutane da yawa suna tsammani mabiyiya kamar rariya take, tana tace abu mara kyau ta bar mai kyau ya wuce. Tana tace waɗansu abubuwa, amma barasa takan ratsa ta kamar yadda ruwa ke ratsa tsumma. Cikin sa'a ɗaya ko biyu, yawan barasar da ke jinin ɗan yakan kusa daidai da wanda ke jinin uwar.

Bambancin shi ne uwar tana da ƙosasshiyar hanta mai narkar da barasa, hantar ɗan kuwa ba ta ƙosa ba tukuna. Sai ya jira jinin uwarsa ya kwashe masa. Har wa yau, abin da ya fitar yakan zauna cikin ruwan da yake kwance a ciki, ya sāke haɗiye shi. Watau uwar ta wartsake ta koma yankan dawa, shi kuwa yana nan cikin abin.

Kowane manomi ya san takin zamanin da zai sa masara mai tsawon gwiwa ta yi kore shar, shi ne zai ƙone tsiron da bai wuce kwana uku da fitowa ba. Haka abin yake a nan. Zuciyar ɗan tayi takan fara bugawa kimanin mako 3 bayan shigar ciki, lokacin da matar ma ba ta tabbata tana da ciki ba. Fuska da gaɓoɓi suna haɗuwa a watanni ukun farko. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta daina ginuwa tun daga farko har ranar haihuwa. Domin haka ba wani watan da za a ce yanzu kam an wuce hatsari.

Yadda likitoci suka gane

A shekarar 1968 wani likitan yara a garin Nant na ƙasar Faransa, sunansa Paul Lemoine, ya rubuta labarin yara 127 waɗanda iyayensu mashaya ne. Ya lura suna kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, ko da yake ba su haɗa kowa ba. Ba a kula da maganarsa sosai ba a lokacin. A 1973 likitoci biyu a birnin Siyatil na Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka ga irin wannan a jikin yara 8, suka ba abin suna, watau lahanin barasa ga ɗan tayi. Daga nan duniya ta farka. A 1981 babban likitan gwamnatin Amurka ya shawarci mata masu ciki kada su sha ko kaɗan, daga 1989 kuwa aka fara buga gargaɗin a jikin kwalaben giya na ƙasar.

Alamun da suka gani su ne yaro yakan zo ƙarami, ya kuma ci gaba da ƙanƙanta ko da ana ba shi abinci sosai. Kansa ƙarami, idanunsa ƙanana, leɓensa na sama siriri, ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓe ya shafe. Waɗansu suna da ciwon zuciya, ko raunin ji da gani. Ban da wannan, shan giya yana ƙara hatsarin ɓari, da haihuwar bakwaini, da haihuwar ɗa ba rai.

Akwai wani labari daga Afirka ta Kudu da ya kamata kowace ƙungiyar manoma ta ji, domin ya taɓa gona. A lardin Kef ta Yamma, inda ake noman inabi, masu gonaki sun daɗe suna biyan ma'aikatansu wani sashi na lada da giya maimakon kuɗi. Ana kiran wannan al'ada "dop". Doka ta hana, amma ɗabi'ar shan da ta shuka ba ta tafi tare da dokar ba. A wani bincike da aka buga a shekarar 2000, an duba yaran aji ɗaya na firamare a wani gari na wannan lardi, aka tarar fiye da 40 cikin kowane 1,000 suna da wannan lahani. A lokacin ba a taɓa ƙidaya mai yawa haka a ko'ina ba. Ba muna cewa gayyarmu daidai take da wancan zalunci ba. Gayya zumunci ce, ba bauta ba. Amma wurin da giya ta zama ladan aikin gona, mace mai ciki ma da giya za a sallame ta.

To, ɗan kaɗan fa?

A nan tambayar Mama take, a nan kuma ya kamata mu daɗe.

Za mu faɗi gaskiya duka, har da wadda ta goyi bayan mijin nan. A 2012 masana a ƙasar Denmak suka auna basirar yara fiye da 1,600 masu shekara 5. Ba su ga bambanci tsakanin 'ya'yan matan da suka sha kaɗan a mako da 'ya'yan waɗanda ba su sha ba. Jaridu suka ɗauki labarin, masu son sha suka yi murna. Amma su masu binciken da kansu sun ce shawara mafi aminci ita ce mai ciki kada ta sha.

A 2017 waɗansu masana a jami'ar Biristol ta Ingila suka tattara bincike 26 da aka yi a kan shan kaɗan. Suka tarar matan da suka sha abin da bai wuce giram 32 na barasa a mako ba, hatsarin su haifi ɗan da bai kai nauyin da ya kamata ba ya ƙaru da kashi 8 cikin 100. Game da sauran lahani kuwa, suka ce shaidar da ke hannu ba ta isa a ce akwai ko babu ba. Dalili kuwa a fili yake, ba likitan da zai tara mata masu ciki ya ba rabinsu giya domin ya ga abin da zai faru da 'ya'yansu. Saboda haka ba wanda ya iya ja layi ya ce daga nan zuwa nan lafiya lau ne. Ingila ma, wadda a dā take barin mai ciki ta ɗan taɓa sau ɗaya ko biyu a mako, ta sāke magana a watan Janairu na 2016, ta ce mafi aminci shi ne kada a sha ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta yarda da wani ma'auni da za a ce ba shi da lahani ba.

Yanzu ku zo mu yi lissafi, gama a nan ne zancen Turai ya bambanta da namu. Sa'ad da Bature ya ce "kaɗan", da ma'auni yake magana, giram kaza a mako, cikin ƙaramin kofin gilashi, daga kwalbar da aka rubuta ƙarfinta a jiki. Mu kuwa da ƙwarya muke awo. Ƙwaryar da ke cin lita ɗaya, in burukutun yana da ƙarfin kashi 4, tana ɗauke da barasa kimanin giram 32. Watau abin da masanan Biristol suka ɗauka "kaɗan" na mako guda cur, surukar Mama tana shanye shi a zama ɗaya. Babbar kwalbar giya ta kanti, wadda aka rubuta 60cl a jikinta, tana da kimanin giram 24. In kuwa gayya ta kama sau uku a mako, kamar yadda takan yi lokacin noman fari da girbi, sai kowa ya ninka da kansa.

Ba nan abin ya tsaya ba. Burukutu ba shi da takarda a jiki. Na gidan nan dabam, na gidan can dabam. Wanda aka sauke da safe yana ci gaba da tashi cikin tulu, kafin yamma ya ƙara ƙarfi. A waɗansu wurare ma masu sayarwa sukan zuba masa goskolo domin ya yi kaifi. Kana kuma shan da yawa a zama ɗaya ya fi cutar da ɗan tayi bisa a rarraba, domin yawan barasar da ke jini yakan hau sama farat ɗaya. Ga rana, ga yunwa, ga gajiya, mai ciki ta ɗaga ƙwarya ba kome a cikinta. Wannan shi ne mafi munin yanayin da za a sha.

"Amma ba ta buguwa," in ji mijin. Gaskiya ne. Rashin buguwarta ya nuna jikinta ya saba, bai nuna kome game da ɗan ba.

Zancen kakanni kuwa, muna girmama shi, amma mu dube shi da kyau. Lalle mata da yawa sun sha sun haifi 'ya'ya lafiyayyu. Wani lissafi da aka buga a 2017 ya nuna cikin mata 67 da suka sha giya da ciki, ɗaya ce take haifan ɗa mai cikakken lahanin nan, wanda ake gani a fuska. Jikin mata ya bambanta. Wadda take ƙoshi ba ɗaya take da wadda ke fama da ƙarancin abinci ba, mai haihuwar fari ba ɗaya take da mai ta bakwai ba. Sai dai ba wadda ta san ko ita ce ɗayar. Kana waɗanda lahanin ya taɓa ƙwaƙwalwarsu kaɗai, fuskarsu kuwa lafiya lau, sun fi waɗancan yawa nesa ba kusa ba. A zamanin kakanni wa ya ƙidaya ɓarin da aka yi? Yaron da bai cika wayo ba kuwa, sai a ce haka Allah ya yi shi, ko a ɗora wa mayu, a tura shi kiwon awaki.

Mu da muka riƙe alli kafin mu kama aikin gona, wannan wurin yana taɓa mu ƙwarai. Kowane malami ya san yaron nan da za ka koya masa abu ran Litinin ya iya, ran Laraba ya zama kamar bai taɓa ji ba. Ba ya iya zama wuri ɗaya, lissafi yana ba shi wuya, in aka hore shi yau gobe ya sāke yin laifin nan. Mun yi wa irinsu bulala muna cewa taurin kai ne, abin da yanzu in muka tuna ba ma jin daɗi. Ba mu ce kowane yaro mai jinkirin fahimta giya ce ta jawo ba. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da yunwa, da wahalar haihuwa, duk suna yin haka. Amma cikin dukan waɗannan, na giya ne kaɗai ake iya kauce masa ba tare da an kashe ko kwabo ba. In kuwa ya auku ba ya warkewa. Ana iya taimakon yaron da haƙuri da koyarwa ta musamman, amma da shi zai girma.

Abubuwan da ake faɗa

Ana cewa baƙar giyar kwalba tana ƙara jini. Ƙarfen da ke cikinta, wanda jiki ke bukata don yin jini, bai taka kara ya karya ba. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo su ne maganin, tare da wake, da zogale, da alayyafo, da kifi, da ƙwai, da nama in an samu.

Ana cewa burukutu abinci ne, tun da daga dawa yake. Akwai ɗan gaskiya, shi ya sa mai aiki yakan ji cikinsa ya yi nauyi. Amma dawar nan da aka jiƙa ta tsira, in aka dama kunu da ita, duk amfanin yana nan, barasar ce kawai babu.

Ana kuma ba maijego bammi ko burukutu wai don nono ya kawo. A 1991 masana a Amurka suka auna, suka ga jarirai sun sha nono ƙasa da yadda suka saba da kimanin kashi 20 cikin 100 a sa'o'in da suka biyo bayan uwar ta sha giya. Barasar kuma tana fitowa cikin nonon.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne jiƙon saiwoyi cikin ogogoro, da 'yan ledojin nan masu ɗaci da ake sayarwa a tasha da sunan maganin ciwon baya ko basir. Mace da ba ta taɓa kusantar gidan giya ba takan sha wannan da zuciya ɗaya, tana cewa magani ne. Barasar da ke ciki ta fi ta burukutu ƙarfi sau da yawa.

Wadda ta riga ta sha fa?

Kada ta firgita, kada kuma a tsorata ta. Mata da yawa sun sha kafin su san suna da ciki, suka bari, suka haifi 'ya'ya lafiya. Tun da ƙwaƙwalwar ɗan tana ginuwa har ƙarshe, duk ranar da aka bari riba ce, ko a wata na bakwai ne. Ta gaya wa ungozoma gaskiya a wurin awo. Wadda kuwa ta saba sha kullum har jikinta yana rawa in ba ta sha ba, kada ta yanke farat ɗaya ita kaɗai a gida, gama wannan yana da nasa hatsari. A kai ta asibiti a taimake ta.

Muna roƙon dattawa da shugabannin zumuntar mata, in irin wannan mace ta buɗe baki, kada abu na fari ya zama horo a gaban jama'a. In ta ga abin da ya sami wadda ta faɗi gaskiya, ta biyun ba za ta faɗa ba, za ta ci gaba da sha a ɓoye.

Aikin ƙungiya

Mace mai ciki ba ita ke sayen tulun gayya ba, ba ita ke miƙa wa kanta ƙwarya ba. A al'adarmu kuma ƙin karɓar abin da mai gona ya miƙo yana kama da raini, balle ga amaryar da ba ta daɗe a gidan ba. Don haka nauyin yana kan maza da masu gayya. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna, a Mahukunta sura 13, da aka hana matar Manowa shan ruwan inabi kafin haihuwar Samson, mijin bai ce zancen mata ne ba, ya roƙa a sāke zuwa a koya musu su biyu. Wancan hani na keɓewa ne ga Allah, ba na likita ba, amma halin mijin abin koyi ne.

A taronku na gaba ku tattauna ko ƙungiya za ta sa doka, duk membanta da ya kira gayya ya tanadi babbar tukunyar kunu, na tsamiya ko na gyaɗa ko kunun zaƙi na ranar, da ruwan sha mai tsabta, a ajiye inda kowa zai ɗiba, domin kada mai ciki ta zama abin nuni. Mun ce na ranar, domin kunun zaƙin da ya kwana biyu cikin zafi yakan fara tashi. 'Yan ƙodago kuwa a biya su da kuɗi ko mudun hatsi.

Kada kuma mu manta da matan da dafa burukutu ce sana'arsu. Da ita waɗansu ke biyan kuɗin makaranta, dusar kuma su ba aladu. Mai dafawa takan ɗanɗana a kowane mataki, ta ɗanɗana wa mai saye domin ya ga ba ta sa kome ba, kafin dare ta sha abin da ita kanta ba ta ƙidaya ba. In tana da ciki, wata ta karɓi ɗanɗanon. Ƙungiyoyin da ke da asusun rance su dubi irin waɗannan mata da fari, a ba su jarin matsar man gyaɗa ko kiwon kaji ko sarin hatsi, ko da na watannin ciki da shayarwa ne kawai.

Amsarmu ga Mama ke nan, ungozoma za ki bi. Ki sa ɗanki ya raka matarsa awo na gaba ya ji da kunnensa, ranar gayya kuwa ki dama mata kunu a gora ta tafi da shi gona.